Shaidar mai gyaran ƙafar mota a kan tsohuwar Land Cruiser da ta zauna da gindi

Assalamu alaikum. Sana'ata gyaran ƙafar mota, kuma shaidar da zan bayar a kan wata tsohuwar Land Cruiser ce, domin abin da ya same ta shi ke samun kusan kowace irinta idan shekaru suka ja. Ƙirar 80 ce ta 1994, mai injin dizal 1HZ mai lita 4.2. Toyota ta yi wannan ƙira daga 1990 zuwa 1997, kuma a kanta ne ta bar sifirin mai falle-falle da ke ƙarƙashin ƙirar 60, ta koma na murɗe, wato koyil, a ƙafa huɗu, da aksul, wato ƙarfen da ya haɗa taya biyu, guda a gaba guda a baya. Mai ita ɗan kasuwa ne da ke shiga ƙauyukan arewacin Yobe, daga Gashuwa zuwa wajen Yusufari, inda hanya ke tashi daga kwalta ta koma burji mai gargada, daga nan ta nutse cikin rairayi.

Ranar da aka kawo ta, tun daga bakin gareji ana ganin hancinta a sama, gindinta a ƙasa, ta kuma karkata hagu. Alhaji ya sauko ya ce, "Malam, shokozoba ce ta mutu. Sau biyu ke nan ina canjawa a shekara guda. Ka samo mini mafi ƙarfi da ke kasuwa." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri mu auna tukuna."

Abu na farko da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne, shokozoba ba ta ɗaukar nauyi. Sifirin ne ke ɗauke da mota, shi ke yanke tsayinta daga ƙasa. Aikin shokozoba shi ne ta hana sifirin ci gaba da lilo bayan taya ta faɗa rami. Idan mota ta zauna, ko za ka sa mata shokozoba mafi tsada a duniya ba za ta tashi ba. Abin da zai faru shi ne sabuwar za ta yi aiki a matse, kusa da ƙarshen tafiyarta, kowane rami ya daki bawul ɗin da ke gindinta, cikin 'yan watanni ta fara zubar da mai. Wannan ne ya cinye wa Alhaji saiti biyu.

Awon ba shi da wuya. A ajiye mota a daɓe madaidaici, tanki cike, a bar kayan da ba sa sauka daga cikinta a inda suke. A ɗauki tef daga tsakiyar cibiyar taya zuwa leɓen modigad a tsaye cak. Daga cibiya ake aunawa, ba daga ƙasa ba, don kada iskar taya ko cinyewarta ta shiga lissafi. A wannan mota mun samu milimita 490 a gaba hagu, 500 a gaba dama, 465 a baya hagu, 480 a baya dama. Mota mai lafiya bayanta kan ɗan fi gabanta tsayi, domin ta samu wurin sauka idan an loda mata kaya. Wannan tun ba a loda ba baya ya riga ya faɗi ƙasa da gaba. Sai muka shiga ƙarƙashi. Robar da ke tare aksul kada ya bugi shasi ta tsattsage, kuma wurin da take sauka a kan aksul ya goge tas yana ƙyalli kamar bayan cokali, alhali duk kewayensa jar ƙasa ce ta daskare. Tazarar da ta rage tsakaninsu yatsa biyu ba sa shiga. Ke nan motar ta daɗe tana tafiya a kan roba, ba a kan sifirin ba.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da gajiyar sifirin. Idan koyil ya tsufa, yawanci ba laushi yake yi ba, gajarta yake yi. Taurinsa yana nan kusan yadda yake, tsawonsa ne ya ragu. Shi ya sa za ka ji mai mota yana cewa motarsa ta yi tauri tana dukan baya, alhali sifirin ɗin bai ƙara tauri ba, wurin motsinsa ne ya ƙare. Taurin koyil kuwa abu uku ke yanke shi: kaurin ƙarfen, faɗin murɗin, da yawan zagayen. Kauri ya fi komai tasiri. Tsakanin ƙarfe mai milimita 16 da mai 17, idan sauran abubuwa ɗaya ne, tauri na ƙaruwa da sama da kashi 25 cikin 100. Daga 16 zuwa 18 ya kai kashi 60. Ido ba ya ganin milimita ɗaya a shagon kayan mota, don haka duk mai zuwa sayen sifirin ya tafi da ma'aunin kauri a aljihu. Ƙarancin zagaye shi ma yana ƙara tauri, shi ya sa wanda ya yanke koyil don ya daidaita karkata yake samun sifirin gajere mai tauri, wanda bakinsa ba ya zama daidai a mazauninsa.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda na fi daɗewa a kanta da kowane mai mota: me motar ke ɗauka kullum, me kuma take ɗauka wani lokaci? Ba abu ɗaya ba ne, kuma a kan na kullum ake zaɓen sifirin. Muka zauna da Alhaji da biro da takarda. A gaba akwai bambar ƙarfe da aka ƙera masa, wajen kilo 45, da batir na biyu wajen kilo 25. A baya akwai safaya ta biyu da rim ɗinta wajen kilo 38, jarka biyu ta dizal masu lita 25, kowace kilo 21, jarka biyu ta ruwa kowace kilo 25, akwatin kayan aiki da jak wajen kilo 30, sai kariyar ɗora kaya ta kan rufi wajen kilo 40. Gaba kilo 70, baya kilo 200. Waɗannan ba sa sauka ko ranar Juma'a. Buhunan da yake ɗauka ranar kasuwa da mutanen da yake rage wa hanya, wannan lissafin daban ne. Wanda ke kusa da sikelin manyan motoci, irin na kamfanonin sarrafa shinkafa, ya fi kyau ya je ya ɗora ƙafafun gaba su kaɗai, sannan na baya su kaɗai, ya samu lambar gaskiya.

A lura kuma da inda kayan ke zama. Tsakanin aksul na gaba da na baya a ƙirar 80 milimita 2,850 ne. Kilo 100 da aka rataya mita ɗaya a bayan aksul na baya, kamar safaya da jarkoki a kan bambar baya, ba kilo 100 yake ɗora wa ƙafafun baya ba, wajen kilo 135 ne, kuma yana sauke wajen kilo 35 daga gaba. Shi ya sa sitiyari ke yin sakayau a motar da aka lafta wa kaya a wutsiya.

Lissafin saukar mota mai sauƙi ne. Kilo 300 a kan aksul na baya, kowane sifirin ya ɗauki 150. Idan taurinsa kilo 3 ne a kowace milimita, mota za ta sauka milimita 50. Idan 4 ne, wajen 38. Idan 5 ne, 30. Kamfanonin da ke yin sifirin na musamman domin irin waɗannan motoci, yawancinsu na Ostireliya ne kamar Old Man Emu na kamfanin ARB da Dobinsons da King Springs da Ironman 4x4, suna rubuta wa kowace lamba nauyin da aka yi ta dominsa. A jerin Old Man Emu na ƙirar 80, lamba 851 ta gaba ta motar da ba ta da wani nauyi ce a hanci, 850 ta mai bambar ƙarfe ce. A baya, 860 ta matsakaicin kaya ce, 863 ta mai kilo 200 na dindindin, 864 ta mai kilo 400 na dindindin. Duk suna ɗaga mota wajen milimita 50 sama da tsayinta na asali.

Alhaji da ya ji haka ya ce, "To a sa mini ta kilo 400, in huta gaba ɗaya." Nan ne na dage. Sifirin da ya fi ƙarfin kayanka ba hutu ba ne. Ranar da motar ba ta da buhuna, bayanta zai riƙa tsalle a kan gargada, taya na barin ƙasa tana dawowa, kuma tayar da ke iska ba ta birki, ba ta riƙe kwana. Dukan da sifirin ya ƙi sha jikin mota ne zai sha: ƙofar baya ta fara kuka, kariya ta tsaga rufi, mazaunin shokozoba ya fara tsagewa. A kan rairayi ma sifirin mai tauri ba ya barin ƙafa ta bi tudu da kwari, sai taya ɗaya ta rataye tana juyawa a banza. Muka tsaya a kan 850 a gaba, 863 a baya. Na kuma faɗa masa abin da nake faɗa wa kowa, cewa sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara wa mota izinin kaya. Ita kanta ta haura tan biyu ba komai a ciki, iyakar da aka yanke mata da kaya da mutane kusan tan uku ne, ainihin lambar tana kan farantin da ke jikinta. Birki da borin da taya ke juyawa a kai da aksul suna nan yadda Toyota ta yi su, ko da gindin motar ya daina nuna gajiya.

Ba kowa ke da halin sabon saiti daga waje ba, kuma ba kowa ke bukatarsa ba. Wanda motarsa ba ta da ƙarin ƙarfe, iyali kawai yake ɗauka zuwa ƙauye, sifirin na asali mai tsayin asali ya fi masa komai, ba ya kuma jawo wani gyara. Idan na Beljiyom za a saya, a Ƙofar Ruwa ne ko a Panteka, a tsayar da su biyu a ƙasa a auna tsawonsu, a auna kauri, a ƙirga zagaye, a kwatanta da wanda aka cire. Wanda bai fi tsohon naka tsawo ba, kaurinsu ɗaya, to gajiyarsu ɗaya, kuɗinka kawai za ka zubar. A goge fenti da datti a duba zagayen ƙasa, inda laka ke kwanciya, domin ramin tsatsa nan ne karaya ke farawa. Wanda aka ga alamar wuta a jikinsa a bar shi, domin koyil da aka gasa aka ja ya rasa ƙarfinsa, mako kaɗan zai koma ƙasa da inda yake. Na ƙirar 105, wadda aka yi daga 1998 zuwa 2007, yana zama a mazaunin na 80.

Wani abu da ke ruɗa yara a gareji shi ne, sifirin biyu na aksul ɗaya sau da yawa ba tsawonsu ɗaya ba. Ɗaya kan fi ɗaya da wajen milimita 10, don a rama nauyin ɓangaren da ya fi nauyi. Takardar da ke cikin kwali idan ta Ostireliya ce, direbansu a dama yake zama, namu kuwa a hagu, tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972. Don haka kada a bi rubutu ido rufe. Awon da aka yi tun farko shi ne alƙali: dogon ya tafi ɓangaren da ya fi faɗuwa. A motar Alhaji hagu ne, gaba da baya.

Sai bayan an gama da sifirin ake maganar shokozoba, domin tsawonta da taurinta daga sifirin suke fitowa. Awo biyu ake dubawa, tsawonta a buɗe da tsawonta a rufe. A rufe, dole robar tari ta taɓa aksul kafin shokozoba ta ƙure, in ba haka ba ita za ta riƙa shan dukan, ta fashe ko ta tsinke mazauninta. A buɗe, kada ta yi gajartar da za ta riƙa fizgar aksul duk lokacin da taya ta sauka rami, wannan ita ce ƙarar "ƙwas" da ake ji idan an ɗaga mota an bar mata shokozoba ta asali. Kada kuma ta yi tsawon da koyil zai saki mazauninsa ya faɗo, ko tiyon birki ya miƙe kamar tsirkiya. Wanda ya ɗaga milimita 50 ya sayi wadda aka yi domin milimita 50. A ƙirar 80 ta gaba sanda ce mai zare sama da ƙasa, ta baya sanda a sama, ido a ƙasa.

Abin da ke kashe shokozoba a hanyoyinmu zafi ne. A kan gargada fistin ɗinta na kai da komo ba adadi, duk wannan motsi zafi yake zama a cikin mai, ga zafin bazara a kai. Mai idan ya yi zafi sai ya tsinke ya yi kumfa, fistin ya riƙa ratsa kumfa ba abin da ke tare shi, mota ta fara shawagi kamar kwalekwale. Shi ya sa ake cusa iskar naitirojin a cikin wadda ake kira ta gas, don ta danne man kada ya yi kumfa. Shi ya sa kuma mai faɗin jiki ta fi siririya daɗewa, tana da mai da yawa da fili mai yawa na fitar da zafi. Iri biyu ne a kasuwa. Mai bututu ɗaya, kamar yawancin na Bilstein, ta fi saurin hucewa, amma fistin a cikin wannan bututun na waje yake gudu, dutse ɗaya ya loɓa shi ta gama aiki. Mai bututu biyu, kamar yawancin na Tokico da na Old Man Emu, ta fi riƙe zafi, amma loɓawar waje ba ta hana ta aiki. Ga motar da ke bin burji, inda tayar gaba ke watsa wa ƙafafun baya tsakuwa yini guda, ni mai bututu biyu mai faɗi nake zaɓa, ita muka sa wa Alhaji. Mai tankin mai a gefe tana da kyau ga mai gudu na sa'o'i a hamada, amma tana son mai buɗe ta ya sabunta ta, kuma ba kowane gari ake samunsa ba.

Danna mota da hannu a ga ko za ta yi lilo ba ya nuna komai a motar da ta haura tan biyu. Gwajin da ya fi shi ne a yi tafiyar kilomita 10 a kan gargada, a tsaya, a kai bayan hannu kusa da kowace shokozoba a hankali. Mai aiki za ta yi zafi. Wadda ta yi sanyi a cikin 'yan uwanta ta mutu. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne a kai ba laifi ba ne, mai da ke gangarowa yana ɗiga shi ne mutuwa. Taya mai cinyewa rami-rami a kewaye ita ma shaida ce. Kuma biyu-biyu ake canjawa, ba a sa sabuwa a dama a bar tsohuwa a hagu.

Wajen ɗaurawa, a tokare shasi da jakin ƙarfe mai ƙafafu, ba bulo ba, bulo yana fashewa ba sallama. A kwance shokozoba da sitabilaiza, wato sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana, a sauke aksul a hankali ana kallon tiyon birki da ƙaramin tiyon numfashin aksul. Bakin koyil ya zauna cikin gurbinsa. Shokozoba mai bututu biyu a tsayar da ita a tsaye a ja a tura sau huɗu ko biyar kafin a ɗaura, don iskar da ta shiga tsakiya lokacin da take kwance a kwali ta koma sama. Kada a kama sandar fistin da filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanka sil, wato robar da ke hana mai fita. Robar sanda a matse ta har ta kumbura daidai faɗin wasa, wato faifan ƙarfen da ke danne ta, a tsaya nan. Duk notin da ya ratsa bushin roba kuwa, ba a ƙarasa ɗaure shi sai an sauke mota ta tsaya a kan ƙafafunta. Idan aka ɗaure aksul na rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta yage kafin damina ta zagayo.

Ɗaga mota yana da bashin da yake bari, ko da milimita 50 ne. Aksul na gaba a kan hannaye biyu yake, idan jiki ya tashi sai aksul ya ɗan juya, kasta, wato kwanciyar ƙafar gaba da ke mayar da sitiyari tsakiya, ta ragu da kusan digiri biyu. Alamar ita ce mota ta riƙa yawo a kan kwalta, sitiyari ba ya komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Maganinsa bushin gyaran kasta, waɗanda raminsu ba a tsakiya yake ba, a matsa su cikin hannayen da firas, wato injin matsawa, a kuma kula da fuskar da aka sa su, don juya su yana ƙara ɓata abin. Sandar da ke riƙe aksul ta gefe takan ja shi 'yan milimitoci, a wannan tsayi ba ya damuwa, amma sitiyari zai ɗan kauce, a daidaita shi a sandar da ta taso daga akwatin sitiyari. Wanda aka fi mantawa shi ne bawul ɗin birkin baya mai auna kaya. Yana da siririyar sanda da ta sauka kan aksul, da ita yake gane an loda mota ya ƙara wa baya ƙarfin birki. Idan aka ɗaga mota aka bar shi, kullum gani yake ba kaya, birkin baya ya yi rauni, na gaba ya riƙa cinyewa yana zafi. A ɗaga mariƙin sandar a kan aksul daidai yadda aka ɗaga motar. Wanda ya haura milimita 50 kuwa ya shiga wani babi: dogayen tiyon birki, sandunan gefe masu daidaitawa, rawar farfela, wato sandar da ke kai juyi zuwa aksul, da motar da ta fi saurin kifewa idan akwai kaya a kariya.

Motar Alhaji tana da wata rawa a sitiyari idan ta daki rami da gudu, yana zaton sabon saiti zai kashe ta. Ba zai kashe ba, ƙaramar shokozobar sitiyari ma ɓoye ta kawai take yi. Mun same ta a bushin sandar gefe da ya narke, da kan tayarod ɗaya, wato sandar da ta haɗa tayoyin gaba, da borin kimfin na hagu da ya saki, wato inda taya ke karkata idan an juya sitiyari. Duk an canja su rana ɗaya, tare da robobin tari huɗu.

Masu ƙirar 75 da bayan Hilux da bayan ƙirar 79, nasu mai falle-falle ne, amma lissafin kaya ɗaya ne. Lanƙwasa tsohon falle da guduma yana ɗaga mota na ɗan lokaci kawai. Menlif, wato babban falle, idan ya karye ba a yi masa walda. Yubol, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke ɗaure fallayen da aksul, a sa sabo, a sake matse shi bayan kilomita 500, domin idan ya saki santabol, ƙusar da ta ratsa tsakiyar fallayen, shi ke yankewa, aksul ya goce.

Da muka sauke motar muka zagaya da ita muka dawo, tef ya nuna 555 da 558 a gaba, 570 da 572 a baya, da kayanta na kullum a ciki. Muka sauke fitilun gaba kaɗan tunda kwanciyar motar ta canja, muka je alaimen. Na rubuta lambobin huɗu da kwanan wata a cikin murfin akwatin gaba, na ce wa Alhaji ya rage iskar taya idan ya sauka kan gargada da rairayi, ya mayar idan ya hau kwalta, ya kuma dawo bayan kilomita 1,000 a sake matse notina. Da ya dawo, kowane ɓangare ya zauna da milimita 5 zuwa 8, wanda haka sabon sifirin ke yi, kuma wurin nan da ke ƙyalli a kan aksul jar ƙasa ta rufe shi.